Kalmar da ta Tsayar da Mma

Alabar, Kumasi
29 ga Nuwamba, 1969

Zuwa ga maigidana, Baban Sala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kun sauka Jega lafiya. Ya gajiyar hanya, ya azumi a bayan lori? Ya Sala, tarin ya sake ta? Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Ka yi haƙuri da rubutun, kai ka koya mini boko, saboda haka duk inda ka ga ƙugiya ta ɓace laifin malamin ne.

Tun da kuka tafi Zongo ke zubewa. Kullum sai an ɗaure kaya a wani gida, tashar motar Kejetiya kuwa ba wurin sa ƙafa. Ni dai an ce tunda uwata 'yar Yendi ce, wato 'yar ƙasar nan, dokar korar baƙi ba ta hau kaina ba. Saura Mma, mahaifiyarka da ka bar mini amana. Na gaya mata Musah direba zai dawo ya ɗauke mu kamar yadda ka shirya. Ta ce ita da ƙafa ta shigo ƙasar nan tana amarya a bayan ayarin goro, ba wanda ya tambaye ta takarda, kuma ba ta barin Baba, mahaifinka, shi kaɗai a maƙabartar Tafo. Ga ƙafafun nan sun kumbura, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai na riƙe ta. Wallahi ban san yadda za ta kai Jega a bayan lori ba.

Kada ka yi dariya, na shiga koyon Turanci. Abin da ya tunzura ni, rediyo ya karanta dokar nan sau ɗaya, amma a bakin famfo na ji fassara kala biyar. Wannan ya ce dole ne, wancan ya ce a'a, wataƙila aka ce. Na ce haba, Turancin ba shi da mai shi ne? Sai na tare Ticha Afua, malamar makarantar nan da ke haya a ɗakin ƙofa. Ni in zuba mata wake da shinkafa da safe, ita ta zauna da ni bayan la'asar. Hausarta dai ka san ta, har yau Mma "shi" ce a bakinta, amma ta iya koyarwa.

Ta ce akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da ba sa aikin komai da kansu, sai dai su tsaya gaban kalmar aiki su faɗi nauyinta. "Go" tafiya ce, "stay" zama ne. In ka sa "must" a gaba ya zama dole. In ka sa "may" an ba ka izini. Ashe duk tashin hankalin Zongo a kan 'yan kalmomin nan yake rataye! Ta ce "may" tana da wata fuskar kuma, za mu zo kanta in mun yi nisa. Akwai ɗaya da ta rubuta a allo, "can", na karanta ta da Hausa, na ce can ina? Mma daga kan tabarma ta ce can ɗin ne dai ba ta zuwa. Ticha ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce iyawa take nufi.

Ka gaishe mini da Sala, ka ce ta riƙa ɗaura ɗankwali da safe. Mma na sa muku albarka.

Taka,
Barkisu

Alabar, Kumasi
18 ga Disamba, 1969

Zuwa ga Baban Sala,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum, da barka da shan ruwa, da barka da salla duk a haɗe. Ina fata kana lafiya kai da Sala da mutanen gidan da suka sauke ku. Wasiƙarka ta zo ta hannun Musah, na karanta wa Mma har ta haddace. Wannan ma shi zai kawo maka, kuma na san za ka leƙa bayan lori ka ga ba mu. Kada ranka ya ɓaci, albishir ne.

Shekaranjiya na ɗauki Mma a tasi zuwa ofishin da ke duba takardun baƙi, don an ce ana sassauta wa tsofaffi da marasa lafiya. Ticha ta tafi Mampong hutun makaranta, sai na ce to, yau ranar gwada wake da shinkafata ce. Layi har titi. Da muka kai gaban jami'in, wani siriri mai tabarau, ya dubi Mma ya ce, "She must be tired." Ina jin "must" na ce shi ke nan, dolen ta zo. Sai na ga ya miƙe ya jawo mata kujera. Ikon Allah! Na san "tired" gajiya ce, to ana tilasta wa mutum gajiya ne? Wannan na ajiye shi sai Ticha ta dawo.

Na yi masa bayani, rabi Turanci rabi Asantanci, na nuna masa ƙafafunta. Ya tambayi shekarunta a Kumasi, na ce tun kafin a haife shi. Ya yi rubutu, ya ɗago, ya faɗi magana, a cikinta na ji "may" na ji "stay" da kunnena. Baban Sala, izini ke nan! Ya ce in riƙa leƙowa. Na durƙusa na gode masa, muka fito ina jin kamar in goya Mma in yi gudu da ita.

Musah ya so ya ja da ni. Ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, ya ajiye mana wuri a gaba kusa da shi, in sake tunani. Na ce masa ya bai wa masu bukata, mu an ba mu izini. Ya ce wa ya fassara mini? Na ce ni da kaina, in yana da ja ya zo mu gwada Turanci. Ka san bakina.

Mma kuwa ranar ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙari. Ta sa na kwance ƙullin kayanta, ta mayar da tasoshinta inda suke. In abubuwa sun lafa sai ka zo ka gan ta a ɗakinta. Ka shafa mini kan Sala.

Matarka,
Barkisu

Alabar, Kumasi
11 ga Janairu, 1970

Baban Sala,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Mma na nan da sauƙi. Ni ce ba ni da lafiya, ko da yake ba inda ke mini ciwo.

Ticha ta dawo. Na tare ta da murna tun ba ta ajiye jaka ba, na fara da tambayar gajiyar nan. Ta ce in "must" ta haɗu da "be" da kalmar siffa, irin gajiya ko tsufa ko ciwo, yawanci ta tashi daga umarni ta koma hasashe mai ƙarfi, wato lallai tsohuwar nan ta gaji. Abin ya burge ni ƙwarai. Sai ta ce in maimaita mata ɗaya maganar kamar yadda ta fito daga bakinsa. Ka san ni da kwaikwayo, har da muryarsa na yi mata: "She may be able to stay."

Sai na ga Ticha ta zauna a bakin gado.

Ta ce wannan ce fuskar da ta ce za mu zo kanta. "She may stay" kaɗai tana iya zama izini, tana iya zama wataƙila, sai an duba wa ya faɗa kuma a ina. Amma da zarar "be able" ta shiga tsakani, izini ya fita. "Able" mai iyawa ne, kuma ba a bai wa mutum izinin iyawa, kamar yadda in an ce "she may be sick" ba cewa aka yi an yarda ta yi ciwo ba. Abin da mutumin ya ce kawai shi ne, wataƙila ta samu damar zama. Ni kuwa da na ji "be able" ɗin nan na ɗauka ado ne, irin yadda muke cewa dai ko fa. Har na ɗauka ƙarin ƙarfi ne.

Kalma biyu, Baban Sala. Na tsallake su kamar kwata, na sallami lori na ƙarshe. Yanzu Mma ba izini, ba takarda, ba mota, ga shi an fara bi gida gida ana bincike. In suka zo suka ɗauke ta, ba gaban lorin Musah za su sa ta ba. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji haushin Turawa da suka rasa abin yi sai ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu. Mu da muke da "an yarda" daban, "wataƙila" daban, me ya same mu?

Na gaya wa Mma, don ba na iya kallonta da abin a ciki. Na zaci za ta yi faɗa. Ta tambaye ni dai, mutumin ya ce a'a ne? Na ce bai ce ba. Ta ce to a kawo mata goronta.

Kai ne ban san abin da za ka ce ba. Ka faɗa mini ko mai zafi ne, na cancanta. A gaida Sala.

Barkisu

Alabar, Kumasi
20 ga Fabrairu, 1970

Zuwa ga maigidana,

Bayan sallama da gaisuwa, barka da babbar salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata kai da Sala kuna cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso, layi biyu, "na ji" da "a gaida Mma". Ban ga sunana a ciki ba, na duba har bayan takardar. Ba komai, ni zan ci gaba da rubutu, wa nake da shi da zan ba labari?

Na zama 'yar gida a ofishin nan. Ticha ta koya mini in aka juyo da "may" gaba aka yi tambaya, neman izini ne tsantsa, ba wataƙila a ciki. Na yi ta haddar "May she stay?" ina tankaɗe, ina wanke-wanke, har na je na ajiye wa mai tabarau ita a kan tebur. Ya ce, "It might be possible." Na kawo wa Ticha da zafinta. Ta ce "might" ƙanwar "may" ce, ta fi ta rauni, "possible" kuma mai yiwuwa ne, wato wataƙila a kan wataƙila. Mma da ta ji kalmar ta ce maita? Ta ce dama ta san akwai maita a lamarin nan. Da na koma kuma sai ya ce, "It could be difficult," wato zai iya yin wuya. Ka ga muna gangarowa ke nan.

Amma ka san wani abu? Duk da fargabar, abin yana ba ni sha'awa. Na lura mutanen nan sun jera shakka hawa-hawa kamar kwanon awo. "Will" cike yake, "may" rabi, "might" ɗan abin da ya rage a gindi, "cannot" kuwa an kife kwanon. Mutum zai yi maka magana mai tsawo, ka fito ba ka san ko ya ba ka ko ya hana ka ba, kuma bai yi ƙarya ba. Na ce wa Ticha mu ma muna da ƙila da mai yiwuwa da sai dai a gani. Mma ta ce a tambayi Ticha, a cikin duk jerin nan ina suka sa in Allah ya so? Ticha ta ce za ta duba. Yanzu kullum na dawo Mma sai ta tambaye ni yau wace aka ba mu, kamar na je cefane.

Ranar Talata masu binciken suka shigo gidanmu, su biyu. Na so in shigar da Mma ɗaki, ta ce ita ba ta yi sata ba, tana nan kan tabarmarta. Babban ya nuna ta ya tambaya da Turanci. Na tsaya na dube shi ido cikin ido na ce mun je ofis, "She may stay." Ban sa "be able" ba, ban kuma ƙara komai ba. Ya dube ni, ya dubi ƙafafunta, ya kaɗa kai, suka wuce gidan gaba. Shi ya ji izini, ni kuwa a zuciyata wataƙila nake nufi, kuma kalmar ta ɗauki duka biyun. Don Allah ka tambayar mini wani malami a nan Jega, wannan ƙarya ce ko ba ƙarya ba? Na yi istigfari dai ko da ta kasance.

Mma ba ta cin abinci sosai kwanan nan, naman salla ma tsotsa kawai ta yi. Tana yawan ambatonka. Ka rubuto mata ko ba ka rubuto mini ba.

Taka har kullum,
Barkisu

Alabar, Kumasi
15 ga Maris, 1970

Zuwa ga Baban Sala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Mma, ya sa ta huta, ya ba ka dangana. Ina fata kai da Sala kuna lafiya. Na san wayar da liman ya buga ta same ka, amma waya ba ta da wurin labari, kuma kai ɗanta ne, ya kamata ka ji yadda aka yi.

Da safe ne, ranar Alhamis. Ta yi salla a zaune, ta ce in dama mata koko. Na kawo, ta sha kaɗan, ta ce ya yi tsami, ka san ta. Ta tambaye ni yau zan je ofis? Na ce sai Litinin. Ta ce in na je in gaishe da yaron nan mai kujera. Na fita ɗauraye kofi, na dawo na tarar ta jingina da bango, carbi a hannu. Ba ta sha wuya ba. Mazan da suka rage a unguwa ba su da yawa, amma sun cika sahu, suka kai ta Tafo. Liman ya ce tsakaninta da Baba bai fi a miƙa hannu ba.

Bayan addu'ar bakwai na je ofis, don ta ba ni saƙo, kuma don ya daina wahalar da takardarta. Na gaya wa mai tabarau. Ya cire tabarau ɗin, ya miƙe tsaye, ya ce, "May she rest in peace." Na san "rest" hutu ne. Baban Sala, jinina ya hau! Na ce a raina, wato har a kabari ma wataƙila za ka ba ta? Ko izinin hutun ma sai an nema a teburinka? Saura kaɗan in wanke shi tas da Hausa a gaban jama'a. Allah ya rufa asiri na haɗiye, na fito ina huci.

Da na gaya wa Ticha sai hawaye suka zubo mata. Ta ce wannan fuska ta uku ce, ita ma ba ta tuna da ita ba ranar da Mma ta yi tambayarta. In "may" ta zo gaba kuma ba tambaya ba ce, to ba izini ba ce, ba shakka ba ce, roƙo ne. Daidai take da namu "Allah ya sa". Addu'a mutumin ya yi mata. Na zauna a ƙofar ɗakin Mma na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Ga amsar tambayarta ta zo, ba wadda zan kai wa.

Akwai wata da Ticha ta koya mini da ban nema ba, "might have", ta abin da zai iya faruwa a baya amma bai faru ba. Ita ce ke hana ni sukuni. Da na sa ta a lorin Musah, wataƙila da ta cika a hannunka, ka yi mata salla da kanka. Wataƙila kuma da a hanya ta cika, a binne ta a garin da ba mai ziyara. Na juya abin ta kowace fuska, ban san wanne ba ne, kuma Ticha ta ce ba kalmar da ta san wannan. Abin da na sani, kuskurena ne ya hana ka ganin mahaifiyarka, kuma kuskuren nan ne ya ba ta abin da ta roƙa. Ba wanda ya taɓa ba ta izinin zama, ta dai zauna.

Na ɗaure tasoshinta, na ajiye maka carbinta da mayafinta. Gidan ya yi mini girma. Dokar ba ta kore ni ba, ba kuma wanda ya kira ni. Ina kewar Sala har ina jin muryarta a bakin famfo, kai kuma ba sai na faɗa ba. Saura tambaya ɗaya, na juyo da kalmar gaba yadda aka koya mini, don kada a sami wataƙila a cikinta. May I come?

Don girman Allah ka amsa mini da Hausa.

Ina gaida mutanen gida baki ɗaya, ina yi musu ta'aziyya. Ka gaya wa Sala kakarta ta bar mata 'yan kunnenta.

Ni ce matarka,
Barkisu